Man Habbatussauda a Kan Fata: Waraka ce ko Ɓata Lokaci?

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Funtuwa ya san abin da sanyin garin ke yi wa fata. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin da ake cirar auduga ana sussukar dawa da waken suya, iska kan bushe ƙayau, ƙura ta turnuƙe, diddige ta tsage, leɓe ya fashe, jikin yara ya yi furu-furu. Lokacin ne kasuwar man shafawa ke ci. A 'yan shekarun nan kuwa man habbatussauda na cikin waɗanda suka fi farin jini. Za ka same shi a shagunan maganin Musulunci da ake kira Islamik kemis, za ka ji ana tallarsa da lasifika a ranar kasuwar Ɗandume ko Bakori, kuma da wuya ka rasa shi a tsarabar alhazai. Ba a gonakinmu ake noma ƙwayar ba. Daga ƙasashe irin su Masar da Habasha da Indiya da Turkiyya take shigo mana.

Masu shan sa da zuma labarinsu daban ne. Magana a nan ta masu shafa shi ce, waɗanda ke neman ya raba su da kirci da makero da ƙazuwa da kyasbi da ƙurajen fuska, har da albaras. A kan wannan ne kawuna suka rabu, kuma rabuwar ta shiga har cikin gidaje: surukar da ta raini 'ya'ya takwas tana cewa a shafa wa jikanta, matar ɗanta da ta yi makarantar kiwon lafiya tana cewa a dakata. Dukansu Musulmi ne, dukansu sun yarda da hadisi, dukansu suna son yaron. Shi ya sa gardamar ke da wuyar yankewa.

Abin da masu goyon baya ke cewa

Hujjarsu ta farko kowa ya san ta. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya faɗi cewa akwai waraka a cikin wannan baƙar ƙwaya daga kowace cuta in ban da mutuwa. Ga mai imani wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sukan ƙara da cewa malaman da suka gabata ba a baki suka bar ta ba. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya ambaci niƙa ta da ruwan khal a shafa a kan albaras da tabon fata. Ibnu Sina ma, wanda Turai ta yi ƙarnoni tana karantar da littafinsa na likitanci, ya saka ta cikin magungunansa. Tun kafin su duka, an tsinci ƙwayar a kabarin Fir'auna Tutankamun. Abin da al'ummomi daban-daban suka riƙe shekara fiye da 3,000, in ji su, ba za a ce dukansu ruɗuwa suka yi ba.

Masu ilimin zamani a cikinsu ba su tsaya nan ba. A 1963 wani masanin haɗa magunguna a Masar ya ware sinadarin da ake kira taimokwinon daga man ƙwayar, kuma gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna yana rage kumburi, yana kuma hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa. A 2013 aka wallafa wani gwaji daga Iran a kan mutum 60 masu kircin hannu. An kasa su gida uku: wasu sun shafa man habbatussauda, wasu maganin asibiti betametason, wasu kuma man laushin fata kawai. Bayan mako 4, waɗanda suka shafa habbatussauda sun samu sauƙi kusan daidai da masu maganin asibiti, kuma duka biyun sun fi kashi na uku. An kuma yi ƙananan gwaje-gwaje a Iran da Turkiyya a kan albaras, inda aka ga launin fata ya ɗan dawo ga wasu.

Sai hujjar da ta fi kama zuciya, wato ta aljihu da ta hanya. Manomi a ƙauyen Ƙafur ko Faskari da jikinsa ke ƙaiƙayi, ina zai ga likitan fata? Ƙwararrun wannan fanni ƙalilan ne a Najeriya, mafi yawansu kuma suna manyan asibitocin koyarwa. Mafi kusa da mu shi ne na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a kan hanyar Zariya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana talaka tafiya, balle kati da gwaji da magani, balle kuma a bar gona ana tsakar girbi. Kwalbar mai kuwa tana bakin kasuwa, mai shagon ya san ka, zai ce "Alhaji, a gwada wannan, Allah ya sa a dace," in ba ka da kuɗi ma ya ɗaga maka ƙafa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji su, kuma da yawa sun gwada sun ga ƙaiƙayi ya lafa.

Martanin masu suka

Masu suka, waɗanda yawancinsu ma'aikatan lafiya ne, ba su cika musun cewa man na da amfani ba. Damuwarsu ita ce kalmar "ciwon fata" kanta, domin cututtuka ne barkatai da ba su haɗa komai ba sai wurin da suke fitowa. Kirci fata ce da ta bushe ta fusata. Makero da kyasbi dangin fumfuna ne ke kawo su. Ƙazuwa ƙwaro ne. Albaras kuwa garkuwar jiki ce ke far wa ƙwayoyin da ke ba fata launi. Ta yaya kwalba ɗaya, da umarni ɗaya na "shafa safe da yamma," za ta yi maganin waɗannan duka?

Ɗauki makeron kai, wanda ya yi yawa a tsakanin 'yan firamare da almajiran tsangaya, inda ake yi wa yara da dama aski da aska ɗaya. Cutar tana shiga cikin silin gashi ne har saiwarsa. Ko man asibiti na shafawa ba ya kai mata, shi ya sa likita ke ba da ƙwayar sha irin su girisiyofulbin na mako 6 zuwa 8. In an shafa mai, ɓawon zai kwanta, kai ya yi sheƙi, uwa ta ce an samu sauƙi, alhali cutar na ci ta ciki tana kuma tsallakawa kan ƙannensa. In ta yi tsanani ta kumbura ta yi ruwa, tana iya barin tabon da gashi ba zai sake tsirowa a wurin ba har abada.

Ƙazuwa ta fi wannan. Ƙanƙanin ƙwaro ne ke haƙa rami a cikin fata ya zuba ƙwai, shi ya sa ƙaiƙayin ke tsananta da dare, a tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum miliyan 200 ke ɗauke da ita a kowane lokaci, kuma a 2017 ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Cunkoso ne abincinta. A yankinmu, inda 'yan bindiga suka kori iyalai daga ƙauyukan Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara suka cusa su ɗaki ɗaya a gidajen 'yan uwa, ba sai an yi dogon bayani ba. Maganinta shi ne a kashe ƙwaron a jikin kowa da kowa a gidan rana ɗaya, da man shafawa na musamman ko da ƙwayar aibamektin da aka fi sani da Mectizan, a kuma wanke sutura da shimfiɗa a shanya a rana. Wanda ya shafa wa yaro ɗaya habbatussauda ya bar sauran, watanni zai yi yana zagaye wuri ɗaya. Susar da yaron ke yi kuma kan buɗe ƙofa ga wasu ƙwayoyin cuta da ke iya taɓa ƙoda.

Amma abin da ke hana tsofaffin ma'aikatan lafiya barci shi ne kuturta. Mutane da yawa sun ɗauka ta ƙare. Ba ta ƙare ba: Najeriya na samun sababbin masu ita fiye da 1,000 a kowace shekara. Farkonta kuwa ba ta da ban tsoro ko kaɗan. Ɗan tabo ne mai haske a baya ko a damtse, ba ƙaiƙayi, ba zafi, kamanninsa ɗaya da kyasbi a idon wanda bai sani ba. Abin da ya bambanta shi shi ne wurin ba ya ji. Ma'aikaci kan sa mutum ya rufe ido, ya shafa masa silin auduga a kan tabon, in bai ji ba to akwai magana. A wannan mataki magani na wata 6 ko 12 ya isa ya kashe cutar gaba ɗaya, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi. Cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta ta ƙasa tana Saye a Zariya, maƙwabciyarmu. To amma jijiyar da cutar ta riga ta kashe ba ta dawowa. Duk watan da aka ɓata ana shafa mai a kan irin wannan tabo, wata ne da ake kusantar naɗewar yatsu. A nan ni kaina ba na iya zama ɗan ba-ruwana, domin nakasa ce ta har abada a kan cutar da maganinta ke ajiye.

Suna kuma tunatarwa cewa man kansa ba ruwan sha ba ne. A 2018 likitocin fata a Faransa suka wallafa labarin mata uku da aka kwantar a asibiti bayan sun shafa man habbatussauda, fatarsu ta yi bororo tana saɓulewa. Irin wannan ba ya yawan faruwa, amma yana faruwa. Game da gwajin Iran kuma, sukan ce mutum 60 a mako 4 bai isa a gina hukunci a kai ba, musamman da yake wani ƙaramin gwaji a Jamus a 2002, a kan masu kircin gado, bai ga bambanci tsakanin man habbatussauda da man da ba magani a cikinsa ba.

Masu goyon baya sun dawo

Duk wannan mun ji, in ji su, amma ku faɗi gaskiya: in mutum ya ajiye habbatussauda, asibiti yake tafiya? A'a, kemis yake shiga. Yaron shagon zai miƙo masa man nan mai haɗi uku, wanda ke ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi. Kwana biyu ƙaiƙayi ya ɗauke, sai a ɗauka an warke. Sitiroyid kuwa kashe garkuwar fata yake yi a wurin, makero ya sauya kama ya bazu, fata ta yi siriri ta yi nankarwa. Akwai uwayen da ke zuba shi a man jarirai. Akwai 'yan matan da suka fara da maganin ƙuraje suka ƙare da bilicin, har hukumar NAFDAC ta kira matsalar shafe-shafen sauya launi larurar gaggawa ta ƙasa a 2023. A Indiya irin waɗannan mayuka na cikin abin da ake zargi da haifar da makeron da ba ya jin magani. Wace ɓarna habbatussauda ta yi da ta kai wannan? Ko maganin kuturtar da ake cewa kyauta ne, ai ya yanke a Najeriya kusan shekara guda, sai a Maris na 2025 ya sake isowa.

Wannan martani yana da nauyi, kuma ban ga mai gaskiyar da zai ture shi ba.

Sukan kuma kawo tarihi. Tun zamanin da, Misrawa na amfani da ƙwayar wani tsiro na bakin Kogin Nilu su shiga rana don maganin albaras, Ibnul Baiɗar ma ya rubuta labarinta a ƙarni na 13. A 1947 masana a Alƙahira suka ciro sinadarin da ke cikinta, daga nan ne kuma aka samu hanyar magani da haske da asibitocin duniya suka runguma a shekarun 1970. Kafin zuwan magungunan zamani, man ƙwayar wata bishiyar Indiya mai suna calmugura shi ne abin da likitocin Turawa kansu ke yi wa kutare allura da shi. Da an raina ƙwayoyin nan saboda na gargajiya ne, da an yi asara.

Amsar ƙarshe ta masu suka

Masu suka sun ce waɗannan labarai nasu ne. Ƙwayar Masar ta zama magani ne bayan an auna ta, an san nawa ke warkarwa nawa ke ƙona fata, domin masu amfani da ita da ka sun sha ƙuna. Man calmugura kuwa da aka samu abin da ya fi shi ajiye shi aka yi, kuma a nan Najeriya, a Uzuakoli ta Jihar Abiya ta yau, aka yi wani muhimmin ɓangare na aikin da ya tabbatar da ƙwayar dafson a matsayin maganin kuturta a ƙarshen shekarun 1940. Kwalbar da ke kan tebur a kasuwa fa, wa ya auna ta? Binciken da aka yi a kan man habbatussauda na kasuwanni a ƙasashen waje ya nuna yawan taimokwinon na bambanta ninki-ninki daga kwalba zuwa kwalba. Wadda aka ɗura a gida ba tambari, ta wuni a rana, ba mai iya rantsuwa a kan abin da ke cikinta. Ko mai lambar NAFDAC ma, in lambar ta ƙare da harafin L, ma'anarta an duba cewa ba shi da guba ne, ba a tabbatar yana warkar da abin da aka jera a jikin kwalin ba.

A kan hadisi kuma ba su bar fagen ba. Ibnu Hajar ya kawo a sharhinsa na Bukhari cewa Imam Khaɗɗabi na ganin lafazin gamamme ne da ake nufin keɓantacce da shi. Gaskiya ne ya kawo Ibnu Abi Jamra da ya ƙi wannan fassara, don haka saɓanin tsoho ne. Amma Ibnu Hajar ya bayyana cewa yadda ake amfani da ƙwayar ya bambanta: wani lokaci ita kaɗai, wani lokaci a haɗe, a sha ko a shaƙa ko a ɗaura. Wato dai sai da sani. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa waraka na zuwa da izinin Allah idan magani ya dace da cutar. Kuma da Abdurrahman bin Auf da Zubair suka yi fama da ƙaiƙayi, sassaucin sa tufafin alharini aka yi musu. Wanda ya nemi a gane cutarsa kafin ya zaɓi magani, in ji su, bai bar sunna ba.

Tankaɗe da rairaya

Idan aka ɗora hujjojin a ma'auni, wasu abubuwa sun fito fili. A kan makeron kai da ƙazuwa da duk wani tabo mai haske da ba ya ji, masu suka ne ke da gaskiya, kuma babu dalilin sassauta wannan. Haka duk gyambon da ya ƙi warkewa, musamman a ƙafar mai ciwon suga, da ƙurajen da suka zo da zazzaɓi, da fatar jariri. A kan bushewar hunturu da kirci mara tsanani kuwa, masu goyon baya suna da abin riƙewa. Mai ko wane iri ne yana taimakon busasshiyar fata, man kaɗanyarmu ma shaida ne, ga kuma alamar cewa wannan ɗin na da ƙarin ikon kwantar da kumburi. Babban mutum da ya fara gwada ɗigo a cikin damtse, ya jira kwana biyu bai ga ja ko bororo ba, ya sirka shi da man kaɗanya, ya kuma sa wa kansa wa'adin mako biyu, ba zan ce ya yi ganganci ba. Na fi ji masa tsoron man kemis da ba likita ya rubuta ba. Albaras na tsakiya: sakamakon ƙananan gwaje-gwajen na da ban sha'awa, amma cuta ce mai tafiya da dawowa da kanta, ga kuma saurin da ake yi wajen kiran kowane farin tabo da sunanta.

Farfesa Murray Last, wanda ya zauna a ƙasar Malumfashi yana nazarin yadda mutane ke neman magani, ya nuna tun 1981 cewa majinyata ba su cika damuwa da sanin tsarin da magani ya fito daga ciki ba, abin da zai yi aiki suke nema. Har yau haka ne. Mutum ɗaya zai shafa habbatussauda da asuba, man kemis da dare, ya sha rubutu, ranar Litinin kuma ya yi layi a Babban Asibitin Funtuwa. In ya warke, kowa ya ce nasa ne ya yi aiki. Wannan ne ya sa shaidar "na gwada na gani" ba ta iya raba gardamar, duk da cewa masu faɗin ta ba ƙarya suke yi ba. Abin da zai raba ta shi ne a ɗebo kwalaben da ake sayarwa a kasuwanninmu a kai Tsangayar Haɗa Magunguna ta Zariya a auna, a kuma gwada man a kan masu kirci a nan, a fatarmu da hunturunmu.

Inda na ga masu hankali na ɓangarorin biyu sun kasa haɗuwa shi ne matsayin mai shagon. Wasu na cewa tun da shi ne mutum na farko da ke ganin tabon, a tara su a koya musu gwajin auduga da alamomin ƙazuwa da makero, su riƙa cewa "Hajiya, wannan ba nawa ba ne, a kai shi asibiti." Wasu kuma na ganin yin haka ɗaure wa abin gindi ne, domin gobe takardar horon za ta hau bango ta zama lasisin duba marasa lafiya, kuma da wuya ɗan kasuwa ya kori cinikin da ya kawo kansa. Ni na fi karkata ga a koya musu, saboda na san da yawansu masu tsoron Allah ne da ba za su so yatsun wani su naɗe ta dalilinsu ba, kuma ko an koya ko ba a koya ba, wurinsu jama'a za su fara zuwa. Sai dai wanda ya ce mini mai lasifikar da ke yawo kasuwa-kasuwa, wanda ba zai sake ganin mai sayen ba, ba zai canza tallarsa don an yi masa bita ba, shi ma yana da hujja a hannunsa.